Kujerar wakilin matasa a kwamiti: murya ce ko ado?

Jagorar Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aiki da matasa. Cibiyar da nake wa aiki tana da shirin bayan tashi daga makaranta ga 'yan shekara 14 zuwa 19, akwai darasin ƙari da wasanni da koyon sana'a. Masu ba mu tallafi sun gindaya sharaɗi, sai matasa sun shiga cikin masu yanke shawara. Kwamitin gudanarwa ya ce ai abu ne mai sauƙi, a ƙara kujera ɗaya, a nemo yaro natsattse ya zauna. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaro guda a tsakiyar manya, an rubuta ajanda kafin ya iso, an gama kasafin kuɗi tun bara, me ya rage da zai ce? Abin da nake son kai wa kwamiti shi ne a yanki wani kaso na kuɗin ayyuka da na jadawali a damƙa wa matasan gaba ɗaya. Su yanke, mu aiwatar, ko da abin da suka zaɓa bai yi mana daɗi ba. Na wuce gona da iri ne?

Baba Dattijo: Wa alaikumus salam. 'Yata, niyyarki mai kyau ce, amma kin yi sauri. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Kuɗin nan amana ce aka ba ku, idan suka salwanta ba yaran za a tuhuma ba, ku za a tuhuma. A saurare su, wannan na yarda. Amma "mu aiwatar ko da ba mu so"? Me ya rage na tarbiyya kenan?

Ɗalibin Shari'a: Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in kawo abin da doka ta ce, domin ba a gefenka take gaba ɗaya ba, ba kuma a gefen Anti Jagora ba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 12, ta ba duk yaron da zai iya samar da ra'ayi haƙƙin faɗinsa a kan duk abin da ya shafe shi. Ta kuma ce a ba ra'ayin nauyin da ya dace da shekarunsa da hankalinsa. Ba ta ce yaro ne zai yanke hukunci ba. Amma "a ba shi nauyi" ya wuce "a saurare shi". Wanda ya saurara ya gyaɗa kai, sannan ya yi abin da ya riga ya ƙudurta tun kafin a buɗe baki, bai cika wannan sashe ba.

Autar Zaure: Ina neman izinin manya. Ni na taɓa zama a irin kujerar da ake magana a kai, ina da shekara 17. Ga yadda abin yake daga ciki. Ana aiko maka da takardun taro a daren jajibiri, wani lokacin ma sai ka zauna za a miƙo maka. Ana magana da kalmomin da ba wanda ya taɓa yi maka bayaninsu. Can ƙarshen taro, kowa ya fara tattara jaka, sai shugaba ya waigo ya ce, "To, wakiliyar matasa, akwai abin da za ki ƙara?" Wa zai tsayar da manya goma da suka miƙe? Sai ka ce babu. A rubuta cewa matasa sun amince. Ranar da baƙi za su zo kuwa, ni ce a gaba da riga mai tambarin shiri, an rubuto min jawabin godiya in karanta.

Baba Dattijo: To ai ke ce ba ki yi magana ba, 'yata. An ba ki dama.

Autar Zaure: Na yi, Baba. Na ce lokacin darasin yamma yana hana 'yan mata da yawa zuwa, domin duhu yake yi kafin su isa gida. Aka ce min magana ce mai kyau, za a duba. Har na bar shirin ba wanda ya sake ta da zancen. Da an ce min "ba zai yiwu ba saboda malamin ba ya samun sarari sai a wannan lokacin", wallahi da na fahimta, da ma na nemo wata hanya. Shirun ne ya sa na daina magana.

Malamin Jami'a: Abin da ƙanwarmu ta faɗa yana da suna a wajen masu nazarin wannan fanni. A 1992 Roger Hart ya rubuta wa UNICEF wata maƙala inda ya zana tsani mai matakai takwas, ya aro tunanin daga tsanin da Sherry Arnstein ta yi a 1969 kan shigar talakawa cikin harkokin mulki. Matakai uku na ƙasa, Hart ya ce ba shiga ba ne sam. Na farko, a yi amfani da yara a kan abin da ba su ma gane ba. Na biyu, a mai da su ado, riga da waƙa da hoto. Na uku, a ba su kujera da makirfo don a ce an ba su, alhali ba su zaɓi batun ba, ba su da lokacin shiryawa, ba su kuma tuntuɓi waɗanda suke wakilta ba. Kujerar da kwamitinki ke shirin ƙarawa, Malama Jagora, a mataki na uku take zaune.

Amma ga abin da zai yi wa Baba daɗi. Matakin ƙoli a tsanin ba shi ne inda yara ke yin komai su kaɗai ba, wannan na bakwai ne. Na takwas shi ne inda matasa suka ƙirƙiro abu, sannan suka jawo manya aka yanke shawara tare. Hart da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗauka dole kowane aiki sai ya kai ƙoli. Akwai aikin da ya isa a ce wa yaro ga abin da za ka yi, ga dalili, ga wanda ya yanke shawarar, kana so ko ba ka so? Wannan mataki na huɗu ne, kuma ba yaudara a cikinsa.

Tsohon Sikawut: Ni ban san tsani ba, amma na san rukuni. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, da ya kai samari kusan ashirin tsibirin Brownsea a Ingila a 1907, rukuni huɗu ya raba su, kowane rukuni da yaro a matsayin shugaba. Har yau a kan wannan tsarin sikawut yake tafiya. Yaro ɗan shekara 14 yana riƙe da yara shida ko bakwai. Shi zai raba aiki, shi zai duba kaya, idan tantinsu ya faɗi cikin dare ba wanda zai ce laifin malam ne. Sirrin shi ne ƙanƙantar rukunin da kuma gaskiyar aikin. Yaro a kwamitin manya ba ya ganin sakamakon maganarsa. Yaro a kan mutum shida yana ganinsa kafin gari ya waye. Ku daina tunanin kujera ɗaya a sama, ku yi tunanin ƙananan muƙamai da yawa a ƙasa.

Ma'ajin Ƙungiya: Duk na ji, amma ku dawo kan kuɗi, nan ne ake faɗa. Wanda bai kai 18 ba a mafi yawan ƙasashe ba ya sa hannu a kwangila, ba kuma shi mai binciken kuɗi zai kama ba. Idan rasit ya ɓata ni za a kira. Ta yaya zan damƙa musu?

Jagorar Shiri: Yallaɓai Ma'aji, ba tsabar kuɗi nake nufi a zuba musu a hannu ba. Ikon cewa "a kan wannan za a kashe" nake nufi. Sa hannu da biya da rasit duk suna wajenka.

Malamin Jami'a: Haka birnin Boston na Amurka ya yi. A 2014 suka ware dala miliyan ɗaya daga kasafin ayyukan birni, suka ce 'yan shekara 12 zuwa 25 ne za su zaɓi abin da za a yi da ita. Matasa suka kawo shawarwari, wasu daga cikinsu suka zauna da ma'aikatan birni aka tace wanda zai yiwu da wanda doka ko kuɗi ba za su bari ba, sannan aka kaɗa ƙuri'a. Cikin abin da ya yi nasara akwai gyaran filayen wasa da kwamfutoci ga makarantun sakandare. Ba yaron da ya taɓa ko dala ɗaya da hannunsa. Amma abin da ƙuri'a ta fitar shi aka bi. Tsarin kansa an samo shi ne daga Porto Alegre a Birazil, inda aka fara barin mazauna unguwanni su tsara wani yanki na kasafin birni a 1989.

Ma'ajin Ƙungiya: In dai haka ne, da sauƙi. Sharaɗina ɗaya, a faɗa musu iyakar tun farko. Ga adadin, ga abin da masu tallafi suka haramta, ga ranar rufe lissafi. Kada a bari su sha wahalar tsara abu sannan in zo in ce ba ya cikin ƙa'ida, ni zan zama mugu.

Uwar Yara: Ni uwa ce, kuma tsorona daban ne. Sau nawa ake kiran abu "ba matasa alhaki" alhali aikin da manya suka gaji da shi ne aka jibga musu? Jera kujeru, share ɗakin taro, yawon raba takardar gayyata, kiran waɗanda ba su zo ba da katin wayarsu. Ɗana ya dawo gida a gajiye, jarrabawa na gabansa, ya ce min shi ne "shugaban tsare-tsare". Na tambaye shi me ya tsara, ya rasa amsa. In za a ba su nauyi a ba su da iko, a biya musu kuɗin mota, a kuma duba lokacin karatunsu.

Autar Zaure: Mama kin faɗi gaskiya. Kuma wanda iyayensa ba za su iya ba shi kuɗin mota ba, shi ne farkon wanda ke ɓacewa daga irin waɗannan majalisu. A ƙarshe sai ka ga 'ya'yan masu hali ne kaɗai suka rage suna magana da sunan kowa.

Malamar Sakandare: Wannan shi ne abin da ya fi damuna, ya ma fi batun kuɗi. Wa ake zaɓa? A makaranta mun san su: mai baki, mai Turanci, wanda ba ya musu da malami, wanda in baƙo ya zo ba zai ba ka kunya ba. Shi ne a majalisar ɗalibai, shi ne a gasar muhawara, shi za a tura taro. Bayan shekara biyu ya koyi yaren manya, ya iya cewa "masu ruwa da tsaki" da "ɗorewar shiri", ya daina jin abin da 'yan ajinsa ke cewa. Shi kuwa yaron da ke zama a bayan aji, wanda ya kusa barin shirin, shi ne ya san abin da ke korar mutane, kuma ba wanda zai taɓa tambayarsa. Haka yarinyar da ba ta iya ɗaga murya a gaban maza ba, haka mai lalurar ji ko ta gani.

Abin da na ga yana aiki shi ne a rage dogaro da taron baki. A raba su uku-uku ko huɗu-huɗu. A bari a rubuta a takarda ba suna. Wani lokaci 'yan mata su fara zama su kaɗai kafin a haɗu. Muƙami kuma ya riƙa zagayawa, kada ya wuce zango ɗaya ko biyu a hannun mutum guda. Sannan wanda ya bar shirin a bi shi a tambaye shi dalili, kuma ɗan'uwansa matashi ne zai tambaya, ba jagora ba.

Mai Wucewa: Ku dai fara tantance waye matashi. Majalisar Ɗinkin Duniya a lissafinta 15 zuwa 24 ne. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta kai shi har 35. Shi ya sa za ka ga "shugaban matasa" da furfura, ɗansa na cikin waɗanda yake wakilta.

Tsohon Sikawut: Hahaha, ka taɓo inda yake ciwo. A rubuta shekarun sauka a cikin ƙa'ida, shi ke nan.

Baba Dattijo: Kun taru a kaina, to bari in ƙara bayani. Ni ba raina yara nake ba. Na san tarihi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usama ɗan Zaid a kan runduna yana saurayi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai, wasu suka yi ƙorafi, bai sauke shi ba. Sayyidina Umar yana zaunar da Ibn Abbas a majalisarsa tare da dattawan Badar. Amma ku lura, waɗannan zaɓaɓɓu ne da aka ga hankalinsu. Ba a ce duk samarin gari su kaɗa ƙuri'a ba. Ni abin da na gani da idona shi ne yaro shi kaɗai mai hankali ne, in sun taru sai su zuga juna. Ku ba su kuɗin nan ku gani in ba shagali za su zaɓa ba.

Malamin Jami'a: Baba, rabin maganarka bincike ya tabbatar da ita. Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun bambanta tunani iri biyu. Akwai wanda ake yi cikin natsuwa, da lokaci da bayanai a gaba. A wannan, ɗan shekara 16 ya kusa kamo babba. Akwai kuma wanda ake yi cikin zumuɗi ko fushi ko a gaban abokai, shi wannan sai an shiga shekaru ashirin da wani abu yake nuna. To amma me wannan ke koya mana? Ba hana su za a yi ba, yanayin za a gyara. Kada a yanke shawara a ranar da aka kawo ta. A ba su farashi da iyaka a rubuce. Ƙuri'a ta zama ta sirri don kada mai baki ya ja kowa. Irin wannan hujjar ce masu goyon bayan zaɓe a shekara 16 ke kafawa, kuma Ostiriya ta sauke shekarun zaɓenta zuwa 16 tun 2007.

In kuma bayan duk wannan suka zaɓi shagali, sai a tambayi kai ko shirin ne ya bushe har suke ƙishin abin da zai haɗa su.

Jagorar Shiri: Kuma Baba, in sun zaɓi abin da bai yi amfani ba, kuɗin ya ƙare, suka ga zangon ya wuce ba su samu abin da suka fi buƙata ba, ai sun koyi abin da lacca ba za ta koya musu ba. Shi ya sa nake son kason ya zama wanda in ya tafi a banza shirin ba zai durƙushe ba, amma kuma ba ƙanƙanin da za su gane wasa ake da su ba.

Malamar Sakandare: A nan ne manya ke faɗuwa. Muna cewa mun ba su, amma da mun hango za su yi tuntuɓe sai mu karɓe. Fosta ta fito da kuskure, mu sake ta cikin dare ba mu faɗa musu ba. Sau biyu ka yi wa yaro haka ya gane aikin ba nasa ba ne, ya saki hannu, mu kuma mu ce ga shi nan, ba su da himma.

Uwar Yara: Amma akwai inda dole a karɓe fa. Ba zan yarda a ce yara sun yanke za su yi tafiya ba babba, ko su hukunta ɗan'uwansu da kansu.

Ɗalibin Shari'a: Tafiya kam, lafiya da tsaron yara suna wuyan manya, ba a kaɗa ƙuri'a a kansu. Batun hukunci kuwa akwai wanda ya gwada. Janusz Korczak, likitan yara a Warso ta ƙasar Folan, ya jagoranci gidan marayu tun 1912. A gidan akwai majalisar yara da jaridarsu da kotunsu. Yara ne alƙalai, kuma suna iya kai ƙarar ma'aikata, shi kansa ya gurfana a gabanta. Amma ba sakaka ya bar ta ba. Akwai rubutaccen kundi wanda mafi yawan sassansa na yafiya ne, akwai babba a matsayin magatakarda, har ma ya taɓa dakatar da kotun na ɗan lokaci ya gyara tsarinta. A 1942 'yan Nazi suka kai shi sansanin kisa na Treblinka tare da yaran, can aka kashe su. Ban ce Anti Jagora ta buɗe kotu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙa'idar ta hau kan babba kamar yadda ta hau kan yaro.

Uwar Yara: Allah sarki. Duk da haka ni dai a bar hukunci a hannun manya. Su sa baki wajen rubuta dokokin, wannan na yarda.

Malamin Jami'a: Ƙari ɗaya kan shirun da Auta ta yi kuka da shi. Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta fitar da wani tsari a 2007 don fassara sashe na 12 a aikace, gwamnatin Ailan kuma ta ɗauke shi cikin manufarta ta 2015. Abu huɗu ne: wuri mai aminci da za a yi magana, taimakon da zai sa a iya faɗin ra'ayi, mai sauraro wanda yake da ikon yin wani abu, sannan tasiri. Biyun farko kowa na yi. Na uku ne ake zamba a kai, a tura ƙaramin ma'aikaci ya saurari matasa alhali ba shi da ikon sauya ko awa ɗaya a jadawali. Ki sa a ƙa'ida cewa duk shawarar da suka kawo sai kwamiti ya amsa a rubuce cikin wa'adi: mun karɓa, ko mun ƙi ga dalili, ko mun jinkirta zuwa rana kaza.

Jagorar Shiri: Na gode ƙwarai. Ga abin da na tattara zan rubuta. Kaso daga kuɗin ayyuka da rana ɗaya a jadawalin mako, matasa ke yankewa da ƙuri'ar sirri. Ƙananan rukunoni masu shugabancin karɓa-karɓa. Kujera biyu a kwamiti maimakon ɗaya, mace da namiji, su matasan ne za su zaɓa, takardu su isa gare su mako guda kafin taro, batunsu kuma a farkon ajanda. Amsa a rubuce cikin wata ɗaya. Kuɗin mota. Manya na da ikon hanawa a kan abu uku kacal: tsaro, doka, da sharaɗin masu tallafi.

Autar Zaure: Anti, kafin ki kai wa kwamiti ki fara kai wa yaran. Wataƙila ranar da kika ware ba ita suke so ba, wataƙila ma ba kuɗin ne ya fi damunsu ba. Kuma kada ki kasance a ɗakin lokacin da suke tattaunawa, suna jin nauyinki.

Jagorar Shiri: Zan bar musu daftarin in fita. Tsofaffin ɗalibanmu biyu za su zauna da su.

Baba Dattijo: Ni ina nan a kan bakana a abu ɗaya. Ku ƙara na huɗu a ikon hanawa: abin da zai zubar da mutuncin cibiyar a idon iyaye. In iyaye suka janye 'ya'yansu, ba shiri ba majalisa.

Malamar Sakandare: Baba, wannan ƙofar in aka buɗe ta komai zai bi ta ciki. Wasan kwaikwayon da ya soki malamai ma za a ce zubar da mutunci ne.

Baba Dattijo: To a ɗaure ta. Kada mutum ɗaya ya yi amfani da ita, sai kashi biyu cikin uku na kwamiti sun yarda, a kuma rubuta dalili a karanta wa yaran.

Ma'ajin Ƙungiya: Da wakilan matasan biyu a cikin lissafin kashi biyu cikin ukun, ko ban da su?

Baba Dattijo: Da su mana. In ba za a ƙirga ƙuri'arsu ba, me ya kawo su?

Malamar Sakandare: Har yanzu ban gamsu ba, biyu a cikin goma sha ɗaya ba za su hana komai ba. Malama Jagora, ki sa duka biyun a daftarin, da mai ikon hanawa a kan abu uku da mai a kan huɗu, mu ji wanda yaran za su ce.